A Duba Ƙasa Kafin a Tare Ruwa

Muna miƙa gaisuwa ga iyayen ƙasa da hakimai, Allah ya ja zamaninku. Ga malamanmu, Allah ya gafarta malam. Ga iyayenmu mata da ke saurare daga cikin gida, da manoman da suka rataye rediyo a reshen itace a bakin fadama, da makiyayan da ke kan hanyar mashaya. Mutanen Kajiji da Shagari, mutanen Boɗinga da Sifawa da Dingyaɗi, shirin yau naku ne, domin a kan ƙasarku za mu yi magana.

Maganar kuwa ita ce wannan. Idan hukuma ta ƙudura niyyar gina madatsar ruwa, ko yanka magudanar noman rani, ko shimfiɗa bututun famfo daga wannan gari zuwa wancan, to, tun katafila ba ta sauko daga kan tirela ba, ya wajaba a aiko masana su taka filin da ƙafa, su zauna gaban dattawa su yi tambaya, su rubuta abin da mutanen dauri suka bari a wurin. A duba kafin a haƙa. Za ku ji ina maimaita wannan magana, kuma da gangan ne.

Bari mu fara da kashi na farko, wato dalilin da ya sa aikin ruwa da kayan tarihi suke haɗuwa a wuri guda.

Babu mai jayayya a kan falalar ruwa. Duk wanda ya ga layin jarkoki a bakin rijiyar burtsatse cikin zafin bazara, ko ya ga yarinya ta baro makarantar allo domin ta je ɗibar ruwa a nesa, ba ya bukatar wani ya yi masa wa'azi a kan haka. Malamai sun karantar da mu cewa shayar da ruwa yana cikin mafificiyar sadaka. Saboda haka kada wani ya ɗauka shirin nan ya zo ne da ƙyamar madatsai. Muna da ta Bakolori a kan gulbin Sakkwato, kusa da Talatar Mafara, wadda aka gama a 1978. Muna da ta Goronyo a kan gulbin Rima, wadda aka gama a 1984. Ga kuma ta Shagari nan kusa da ku. Da yawa daga cikin masu saurarena sun ci albarkacinsu, ko ta hanyar albasa da shinkafar rani, ko ta kamun kifi, ko ta ruwan famfo.

Sai dai ku yi tunani a kan abu guda. Wane irin wuri injiniya yake nema idan zai tare ruwa? Yana neman kwari inda ruwa ke taruwa, da tudu a gefensa, da ƙasa mai riƙe danshi. To, wane irin wuri kakanninmu suka nema sa'ad da za su kafa gari? Shi ne dai wannan: gulbi a kusa domin sha da shayar da dabbobi, fadama domin noma, tudu domin kada ambaliya ta ci gida. Idon injiniya na yau da idon maharbin da ya fara saran daji shekaru ɗaruruwa da suka wuce, wuri ɗaya suke faɗawa. Shi ya sa da wuya a yi babban aikin ruwa ba a taka sawun magabata ba. Inda ruwa yake, nan mutane suka zauna. Inda mutane suka zauna, nan suka bar alama.

Ƙasar nan tamu kuwa ba ƙasa ce da tarihi ya ratsa ta gefenta ba. A Sifawa Mujaddadi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, Allah ya yarda da shi, ya zauna wajen shekara biyar yana karantarwa yana wallafa littattafai, kafin ya koma Sakkwato a 1815, inda ya rasu a 1817. A lokacin nan ƙanensa Malam Abdullahi yana zaune a Boɗinga. A wannan zamani ne, cikin 1812, aka raba kulawar daula tsakanin Malam Abdullahi a yamma da Muhammadu Bello a gabas. Yanzu ku auna da hankalinku: jama'ar da ta taru daga ko'ina domin neman ilimi, ta zauna shekaru a wuri guda, ai sai ta haƙa rijiyoyi, ta gina masallatai, ta keɓe maƙabarta, maƙera su kafa zuga-zugansu, marina su haƙa karofinsu. Littattafai sun kiyaye mana sunayen malamai da abin da suka karantar, amma faɗin garin, da inda kowace unguwa take, da abin da talaka ya ci, da irin tukunyar da matarsa ta dafa shi a ciki, waɗannan ƙasa ce ta kiyaye su.

Kafin zamanin jihadi ma akwai Kabi. Wanda ya taɓa zuwa Surame, birnin da Muhammadu Kanta ya gina a ƙarni na 16, ya ga ganuwar dutse da har yau take tsaye a cikin daji, ya san mutanen wannan yanki sun yi ƙarfi da fasaha. Akwai Alƙalawa ta Gobirawa a bakin gulbin Rima, wadda aka ci a 1808. Waɗannan manya ne, sunansu ya tsare su. Abin jin tsoro shi ne ƙananan kufai waɗanda ba su da suna a littafi: tudun nan da ke bayan gonarka, malam manomi, inda kukoki suka yi jeri babu gida ko ɗaya, inda duk shekara garmarka ke tono tsingaro, wato fasasshen kasko, da baƙin dutse mai ramuka-ramuka wanda maƙera ke kira kashin tama. Wannan wuri gari ne. An haihu a nan, an yi aure a nan, an binne mutane a nan.

Jama'a, mun shiga kashi na biyu. A nan zan ba ku labarin abin da ya faru a wasu wurare, domin maganar nan ba zato ba ce.

Mu fara da gida. A 1964 aka soma ginin madatsar Kainji a kan kogin Kwara, aka gama a 1968. Tafkin da ya taru a bayanta ya rufe ƙasa fiye da murabba'in kilomita 1,200, ya miƙe har ƙasar Yawuri, wadda a wancan zamani tana cikin Lardin Sakkwato. An tayar da mutum fiye da 40,000. Tsohon garin Busa, inda Baturen nan mai yawon ƙasa Mungo Park ya halaka a ruwa wajen 1806, yana ƙarƙashin tafkin a yau, mutanensa suna Sabuwar Busa. Tsibiran Gungawa da yawa sun nutse.

To, kafin ruwan ya hau, an yi wani yunƙuri da ya cancanci a tuna da shi. An aiko masana binciken kufai, wato masu karanta tarihi daga abin da ke binne a ƙasa, suka zagaya kwarin, suka sa wa wurare alama, suka tona waɗanda lokaci ya ba su dama. A cikinsu akwai Robert Soper wanda ya yi zagayen farko, da Priddy, da Hartle, da kuma Breternitz wanda ya zo da ayari daga Jami'ar Colorado ta Amurka a 1968. A wani tudu kusa da Yelwa an samu kayan ƙarfe, da tukwane, da duwatsun ado, da ƙananan siffofi na yumɓu. Da aka auna shekarunsu, sai aka ga mutane sun zauna a wurin daga wajen shekara ta 100 zuwa ta 700 ta Miladiyya. Ku saurara da kyau. Ma'ana, ɗaruruwan shekaru kafin Hijirar Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, akwai mutane a bakin Kwara masu aiki da ƙarfe, masu gari, masu sana'a. Ba don an tona kafin ruwa ya zo ba, da babu wanda zai san wannan har abada.

Amma akwai ɓangaren da ke sa baƙin ciki. Yawancin tonon an yi shi ne a ƙurarren lokaci, bangon madatsa yana tashi, masu bincike suna tsere da ruwa, har ya zama abin da suka iya tonawa kaɗan ne daga cikin abin da suka gani da idonsu. Sauran yana ƙarƙashin tafki. Darasin Kainji ke nan a wurina: an duba, alhamdu lillahi, amma da an fara dubawar tun ranar da aka fara zanen madatsar, da abin da aka tsirar ya ninka haka.

A ƙasar Masar kuwa, sa'ad da za a gina babbar madatsar Aswan a kan kogin Nilu, hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi kira ga ƙasashe a 1960 su kawo ɗauki. Aka yi shekara ashirin ana aiki. Gine-ginen Abu Simbel, waɗanda aka sassaƙa a jikin dutse tun zamanin Fir'auna Ramsis na Biyu, an yanyanka su gunduwa-gunduwa fiye da 1,000, aka ɗaga su sama da mita 65, aka sake harhaɗa su tsakanin 1964 da 1968. Mu ba mu da irin wannan dukiya, kuma ba ma bukatarta, domin abin da ke ƙasarmu ba ya neman a ɗaga dutse. Yana neman a zo da wuri ne kawai.

Kada kuma ku ce sai babbar madatsa. Ƙaramar rijiya ma tana tono babban tarihi. A 1987, a ƙauyen Dufuna na jihar Yobe ta yanzu, wani Bafulatani makiyayi yana haƙa rijiya, da ya kai zurfin wajen mita 5 sai ya ci karo da wani baƙin itace mai tauri. Bai sare shi ya wuce ba. Ya dakata, labari ya kai ga hukuma, masana daga Jami'ar Maiduguri da Jami'ar Frankfurt ta Jamus suka zo. Ashe kwalekwale ne, tsawonsa ya haura mita 8, shekarunsa sun kai 8,000, shi ne mafi tsufa da aka sani a duk nahiyar Afirka. An ciro shi a 1998, aka kai shi Damaturu. Haka nan a Igbo-Ukwu ta jihar Anambra, a ƙarshen shekarun 1930, wani mutum yana haƙa ramin tara ruwan sama a gidansa ya tono kayan tagulla masu ban mamaki, waɗanda bayan shekara ashirin Thurstan Shaw ya zo ya yi cikakken bincike a kansu. Duka biyun neman ruwa ne ya tono su. Duka biyun kuma sun tsira ne domin hannu ne ke haƙar, mai haƙar ya ji abin da ƙarfensa ya taɓa, ya tsaya. Katafila ba ta jin abin da ta taɓa. Cikin sa'a guda za ta kankare abin da ya yi shekara dubu yana kwance, direbanta kuwa, bawan Allah, yana can sama cikin ƙura da ƙarar inji, bai ga komai ba.

A duba kafin a haƙa.

Masu saurare, idan yanzu kuka buɗe akwatin rediyonku, muna magana ne a kan binciken kayan tarihi kafin a fara aikin ruwa. Ga mu a kashi na uku: yaya ake yin binciken?

Ana farawa da takarda. Mai bincike zai zauna da taswirar aikin, ya ga inda ruwa zai kwanta da inda bututu zai bi, sa'an nan ya nemi tsofaffin taswirori, da hotunan da aka ɗauka daga sama, da rahotannin da jami'an mulki suka rubuta a kan gundumomi, da littattafan malamanmu na Larabci da ajami. Hoton sama yana nuna zagayen tsohuwar ganuwa ko da ta rushe ta zama daidai da ƙasa, domin ciyawar da ke kanta ba ta yin kala ɗaya da ta gefenta.

Daga nan sai zama da dattawa, kuma a ganina nan ne ran aikin yake. Babu na'urar da ta san abin da tsoho ɗan shekara tamanin ya sani a Kajiji. Shi ya san cewa gonar wane a da kasuwa ce. Shi ya san tsamiyar da aka ce wani malami ya sauka a gindinta, da rijiyar da ta rufta tun yana yaro, da gefen da ake cewa kada a yi noma domin akwai kaburbura. Tsofaffin mata su ma suna da nasu sani wanda maza ba su da shi: inda ake ɗibar yumɓun tukwane, da hanyar da ake bi zuwa ruwa kafin a haƙa rijiyar cikin gari. Makiyayi ya san tsohon burtali da tsohuwar mashaya. Mai bincike na ƙwarai yana ɗaukar wannan riwaya da irin ladabin da ɗalibi ke ɗaukar karatu: wa ya faɗa maka, shi kuma daga wa ya ji? Sai ya gwada ta da riwayar wani, ya ga inda suka dace da inda suka saɓa.

Sai tafiyar ƙafa. Mutane za su jera, tsakanin kowane da ɗan'uwansa 'yan taku, su ratsa filin a hankali idonsu a ƙasa. Sun fi son rani, bayan an kawar da amfanin gona, lokacin da ƙasa take fili. Duk inda suka ga tsingaro ya yi yawa, ko kashin tama, ko dutsen niƙa, ko ɗan gogaggen dutsen nan da muke kira gatarin aradu, wanda a haƙiƙa gatari ne da mutanen dauri suka wasa da hannunsu kafin a san ƙarfe, sai su tsaya su ɗauki hoto, su rubuta daidai wurin a kan taswira.

Idan wuri ya nuna alamar muhimmanci, sai a yi ramin gwaji, ɗan ƙarami mai kusurwa huɗu, a riƙa kankare ƙasa kaɗan-kaɗan, ana tankaɗe ta da rariya. A nan zan roƙi ku ba ni hankalinku, domin wannan shi ne abin da mutane da yawa ba su gane ba. Ƙasar kufai hawa-hawa take. Abin da ke ƙasa ya riga abin da ke sama. Ku ɗauki misalin littafin malam na rubutun hannu, wanda warƙoƙinsa ba a ɗinke suke ba, suna jere a cikin gafaka: muddin suna kan jerinsu, ana karanta shi daga farko har ƙarshe, amma idan guguwa ta watsa su a tsakar gida, ko da an tsince su duka ba a rasa ko ɗaya ba, karatu ya rikice. Haka tukunyar da aka fizgo daga rami ba a san hawan da ta fito ba. Tukunya ce kawai. Wadda aka samu a mazauninta, kusa da murhu, a ƙarƙashin daɓen ɗaki, ita ce ke ba da shaida.

Gawayin wannan murhu kuwa shi ke faɗin shekaru. Kowane itace, yana raye, yana ɗauke da wani sinadari wanda ke fara raguwa daga ranar da aka sare shi, a bisa wani ƙayyadadden lissafi da masana suka sani. Idan aka kai ɗan gawayi ɗakin awo aka ga abin da ya rage na sinadarin, sai a ƙiyasta shekarunsa. Da irin wannan awo aka san shekarun kwalekwalen Dufuna da na tudun Yelwa. Shi ya sa gawayin da kai za ka share ka zubar, a wurin mai bincike ya fi tsakiyar ado daraja.

A ƙarshe sai a rubuta rahoto a miƙa wa masu aikin, a ce musu: wannan wuri ku kauce masa, wannan a tona a rubuta sa'an nan ku wuce, wannan babu komai, Allah ya ba da sa'a. Kaucewa ita ce mafi alheri kuma mafi arha. Karkatar da bututu a kan takarda aikin alƙalami ne. Karkatar da shi bayan an haƙa rami, an sauke siminti, ana biyan hayar inji kullum, wannan asara ce da rigima.

Akwai wani abu da ake yawan mantawa, ina so hakimai su riƙe shi. Ɓarna ba a inda ruwa zai kwanta kaɗai take ba. Tana inda tifa za ta ɗebi ƙasar cikon bango, da hanyar da za a fasa wa manyan motoci, da sansanin ma'aikata, da filin da za a mayar da waɗanda aka tayar. Mai neman ƙasar ciko kuwa tudu yake so, tudun da ke kusa da gulbi kuma sau da yawa kufai ne. Saboda haka idan an zo dubawa, a duba har da waɗannan.

Yanzu sai kashi na huɗu, inda zan amsa abin da na san yana zukatan wasunku, in kuma faɗi abin da ya rataya a wuyanmu.

Wani zai ce, mu ƙishirwa muke ji, a bar mu da zancen tsingaro, kada a jinkirta mana ruwa. Ɗan'uwana, uzurinka karɓaɓɓe ne. Amma babban aikin ruwa ba a wayar gari kawai a fara shi. Ana yin watanni, wani lokaci shekaru, ana awon ƙasa, ana zane, ana neman kuɗi. A cikin wannan lokaci ne ake binciken, kafaɗa da kafaɗa da masu safiyo. Abin da ke tsayar da aiki shi ne a ci karo da maƙabarta a tsakiyar haƙa, jama'a su fito, hankali ya tashi. Mutanen wannan yanki ba su manta da abin da ya faru a Bakolori a 1980 ba, inda taƙaddama a kan gonaki da diyya ta kai ga asarar rayuka. Wancan rikici na gona ne, amma tushensa shi ne aiki ya yi gaba ba a gama sauraren masu ƙasa ba.

Wani kuma zai ce, ai waɗannan kayan jahiliyya ne, me Musulmi zai yi da su? Allah ya gafarta malam, a duba da kyau. Alƙur'ani mai girma a wurare da dama ya yi umarni da a yi tafiya a bayan ƙasa a ga yadda ƙarshen al'ummomin farko ya kasance, kuma ba a ɗaukar izina daga abin da aka shafe. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, a cikin Infaƙul Maisuri, sai da ya yi bayanin ƙasashe da al'ummomin wannan yanki da labarinsu kafin ya shiga labarin jihadi. Marigayi Waziri Junaidu ya ƙarar da rayuwarsa yana tattara tarihi yana rubutawa. Sa'an nan mafi yawan abin da ke binne a ƙasar Boɗinga da Shagari ba gumaka ba ne. Harsashin masallaci ne, da rijiya, da karofi, da maƙera, da kaburburan Musulmi. Malaman mazhabarmu ta Malikiyya kuwa sun bayyana cewa kabari tamkar waƙafi ne ga mai shi, ba a tone shi muddin akwai saura daga gare shi, sai da larura. Idan larurar ta tabbata, kamar a ce ruwa zai ci wurin babu makawa, akwai hanyar da shari'a ta shimfiɗa ta ɗauke mamaci cikin mutunci, da sanin danginsa da jagorancin malamai. Yaya za a yi wannan idan ba a san kabarin yana nan ba? Binciken da muke kira a yi, ta wannan fuska, kiyaye alfarmar mamatanmu ne.

Ta fuskar doka ma ba a bar mu haka ba. Doka mai lamba 77 ta 1979 ita ta kafa Hukumar Kula da Gidajen Tarihi da Wuraren Tarihi ta Ƙasa. Ta hana tonon kayan tarihi ba da izini ba, ta hana sayar da su ga wanda hukuma ba ta amince da shi ba, ta kuma wajabta wa wanda ya ci karo da su ya sanar. Doka mai lamba 86 ta 1992 kuwa ta wajabta a auna illar kowane babban aiki ga muhalli kafin a fara shi, manyan madatsai da ayyukan noman rani suna ciki, wuraren tarihi kuma suna cikin abin da ake aunawa. Dokar ta ba jama'a damar ganin rahoton su faɗi ra'ayinsu. Bankin Duniya shi ma, idan da kuɗinsa a aiki, yana sharɗanta a rubuta a cikin kwangila abin da za a yi idan an ci karo da kayan tarihi ana tsakiyar haƙa. Doka tana nan. Abin da take bukata shi ne mutanen da za su tambaya a yi aiki da ita.

Ina kuma gargaɗi a kan masu zuwa da dare. Akwai siffofin yumɓu da ake sayarwa a kasuwannin Turai da sunan Sakkwato, da na Katsina, da na Nok, waɗanda aka haƙo a ɓoye, har Majalisar Gidajen Tarihi ta Duniya ta sa su a jerin kayan da ta yi gargaɗi a kan cinikinsu a shekara ta 2000. Wanda ya haƙo su an ba shi abin da bai taka kara ya karya ba, ya bar gona da ramuka, ilimin da ke wurin kuma ya tafi ke nan. Idan baƙo ya zo yana tambayar inda ake samun tsofaffin tukwane yana nuna kuɗi, a nemi ganin takardar izininsa, a kai shi gaban hakimi.

To, me za ku yi, ku da ke saurare? Ranku ya daɗe iyayen ƙasa da hakimai, kada a jira sai an ga masu safiyo sun kafa turaku. Tun yanzu a tara dattawan kowace unguwa, maza da mata, a samu malamin makaranta ko wani ɗalibi mai kyan rubutu, da boko ko da ajami, a rubuta kufai da tsofaffin maƙabartu da rijiyoyi da sauran ganuwa da ke ƙasarku, da sunan da ake kiran kowane wuri, da abin da aka ji game da shi. A ajiye kwafi a fada. Ranar da aka kira taron jin ra'ayi a kan wani aikin ruwa, bayan an gama maganar gonaki da diyya, sai wani ya miƙe ya ce: an duba kayan tarihi? Wa ya duba? Ga namu jerin, a haɗa da shi.

Kai kuma mai haƙar rijiya, da kai lebura a bakin ramin bututu, da kai direban katafila, idan ka ga ƙashin mutum, ko tukwane a jere, ko tubalin gini a inda ba a san da gini ba, ka dakata. Kada ka ciro. Kada ka wanke, kada ka fasa domin ganin abin da ke ciki. Idan da waya a hannunka ka ɗauki hoto yadda abin yake kwance, ka rufe shi da ɗan buhu ko ganye saboda rana, ka gaya wa shugaban aiki da mai unguwa. Su za su kai ga hakimi da ƙaramar hukuma, daga nan a sanar da ofishin hukumar gidajen tarihi da ke Sakkwato, ko Cibiyar Tarihi da Al'adu ta Waziri Junaidu. Akwai malaman tarihi a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, akwai sashen binciken kufai a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, aikinsu ke nan. Sauran ma'aikata kuma su ci gaba da haƙa a wani gefen kafin masanan su iso.

Lokacinmu ya cika, jama'a. Allah ya ba mu ruwa mai albarka, ya jiƙan magabatanmu. Sai Allah ya kai mu wani makon.